Yadda Za Ka Rubuta Labarin Duniyar da Kowa Ya San Rabin Ransa

Cikin rubuce-rubucen da matasan marubuta na nan Jos suke kawo mini in duba musu, akwai wani salon labari da ya fara yawaita, wanda suka tsinto daga marubutan ƙasashen waje a intanet. A irin wannan labari ana haihuwar kowane mutum da wata alama, ko tambari a tsintsiyar hannu ko suna a rubuce a fatar jiki, kuma mutum ɗaya tak a faɗin duniya ne yake ɗauke da irinta, wato wanda aka ƙaddara ya zama rabin ransa. Tunanin yana da kyau, kuma yana cikin jinsin ƙagaggun labaran da ake ginawa a kan "da a ce", inda marubuci yake sauya abu ɗaya daga tsarin duniya sannan ya bi sawun abin da sauyin zai haifar. Sai dai mafi yawan abin da nake karantawa a bakin ƙofa yake tsayawa: saurayi ya haɗu da budurwa a cikin keke a Bauchi Road, hannuwansu suka yi haske, aka sha 'yar wahala, aka ɗaura aure. Liman bai ce komai ba, alƙali bai ce komai ba, uwargida ma ko tari ba ta yi ba. Wannan bayani na wanda yake son ya shiga cikin gidan ne.

Abu na farko da ya kamata ka gane shi ne cewa ƙaddarar aure ba baƙon zance ba ce a wurin mai karatunka. Imani da ƙaddara ɗaya ne daga cikin rukunan imani shida, kuma ya zo a Sahihu Muslim cewa Allah ya rubuta ƙaddarorin halittu kafin ya halicci sammai da ƙasa da shekara dubu hamsin. Duk budurwar da aka fasa aurenta ta ji gwaggonta tana ba ta haƙuri da cewa ba mijinta ba ne, duk saurayin da aka yi wa ƙafa ya ji an ce masa matar mutum kabarinsa. To ka tsaya a kan wannan karin magana ka dube shi da kyau, domin a cikinsa labarinka yake. An kwatanta mata da kabari saboda abu biyu: ba a kauce masa, kuma ba a san inda yake ba, kamar yadda ƙarshen Suratu Luƙman ya faɗa cewa babu ran da ya san ƙasar da zai mutu a cikinta. Duniyar da za ka ƙaga ta bar na farkon a yadda yake, ta cire na biyun. Saboda haka kada ka ɓata shafuka kana nuna wa Bahaushe cewa aure nufin Allah ne, ya riga ka sani. Ka nuna masa abin da zai faru ranar da abin da yake ɓoye ya fito fili kowa yana karantawa a hannun kowa.

Ka fara da dokokin alamar

Kafin ka rubuta jimla ɗaya ta labari, ka ɗauki takarda ka yanke hukunci a kan yadda alamar take aiki, kuma kada ka saɓa wa abin da ka yanke ko da labarin ya matse ka. Yaushe take bayyana? Idan da ita ake haihuwa, to ungozoma ce mutum na farko da za ta san sirrin gida, kuma ranar suna za ta zama rabin baiko. Idan sai an balaga, to makarantun sakandare ne za su shiga uku. Shin tana ɓacewa idan ɗayan ya rasu, ko wata sabuwa tana fitowa? Shin tana tabbatar da so, ko aure kawai take nunawa, ko kuwa dacewar hali? Waɗannan uku ba abu ɗaya ba ne, kuma duk wanda ya zauna a gidan Hausa ya ga auren da ya daɗe babu so, ya kuma ga son da ya mutu bai kai ga aure ba.

Sai lissafi, wanda yawancin marubuta suke tsallakewa. Yawan mutanen duniya ya haura biliyan 8 tun a watan Nuwamba na 2022, kuma 'yan Najeriya ba su kai kashi uku cikin ɗari na wannan adadi ba. Idan alamar tana faɗawa a ko'ina ba tare da la'akari da wuri ba, to kusan kowane ɗan unguwar Gangare ta Jos rabin ransa yana ƙasar waje, irin su Indiya ko Sin ko Brazil, kuma labarinka ya tashi daga soyayya ya koma na biza da kuɗin jirgi. Wannan ma labari ne mai daɗi idan da gangan ka zaɓe shi. Idan ba haka kake so ba, ka taƙaita da'irar, ka ce misali ba ta wuce tafiyar yini guda. Ka kuma tuna cewa a duniya ana haihuwar maza kimanin 105 a kan kowace mata 100, ga mutuwar ƙuruciya, ga bambancin shekaru, don haka dole a samu waɗanda hannunsu fayau yake ko waɗanda nasu ya riga su gidan gaskiya tun suna goye.

Yana da amfani ka san cewa wasu al'ummu sun daɗe da wannan tunani. A wani littafin Aflatun, masanin falsafa na Girka, an sa wa wani mai suna Aristofanis magana a baki cewa mutane a da dunƙule suke, aka tsaga su biyu, shi ya sa kowa yake yawon neman ɓarinsa. A Talmud, littafin malaman Yahudawa, an ce kwana arba'in kafin a siffanta jariri wata murya takan yi shela cewa 'yar wane ta wane ce. Mutanen Sin kuma suna da tatsuniyar tsohon da yake ɗaure ƙafafun ma'aurata da jan zaren da ba a gani. Wannan ta ƙarshe ita ta fi dacewa da aikinka, domin a cikinta wani saurayi ya matsa sai da tsohon ya nuna masa matarsa, ya ga jaririya ce a hannun wata matalauciya mai sayar da kayan miya, sai ya tura bawansa ya kashe ta. Ba ta mutu ba, kuma bayan shekaru ita ya aura da tabon wuƙar a goshinta. Tun a wancan zamani masu ba da labari sun fahimci cewa abin da sani ya fara haifarwa shi ne yunƙurin kisa.

Abin da malamai za su ce

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa, kuma nan ne ya kamata ka fi taka-tsantsan. Ranar da alamar ta fara bayyana, tambayar da za a yi a kowane zaure ita ce daga ina ta fito. Wasu malamai za su kafa hujja da ayar Suratul An'am da ta ce mabuɗan gaibu a wurin Allah suke, babu wanda ya san su sai shi, su haɗa da hadisin da ya ce wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi wani abu ba za a karɓi sallarsa ta kwana arba'in ba, su ce karanta alamar da bugun ƙasa duk ɗaya ne. Wasu za su ce ai ba wanda ya je wurin boka, abu ne da ya fito a jiki kamar zanen yatsa, su kawo hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito cewa rayuka runduna ce da aka tara, waɗanda suka san juna sai su saba, waɗanda ba su san juna ba sai su saɓa. Masu ruƙiyya kuwa ba za su rasa cewa aikin aljanu ba ne, kuma za a samu layi a ƙofarsu na masu son a goge musu. Jos, garin da aka kafa ƙungiyar Izala a 1978, wanda kuma yake da tsofaffin zawiyoyin ɗariƙa, ba zai rasa muƙabala a kan irin wannan batu ba. Sai dai ka ƙagi malamanka da kanka, kada ka sa fatawar ƙarya a bakin wani malami ko wata ƙungiya da ake da ita, domin hakan zalunci ne kuma jan magana ne.

Shawarata ita ce kada kai mai ba da labari ka yanke hukunci a kan asalin alamar. Da zarar ka ce da bakinka daga Allah take, ka ɗora wa kanka nauyin da bai kamata ƙagaggen labari ya ɗauka ba, kuma ka kashe gardamar da ita ce jinin labarin. Ka bar mutanen cikin littafin su yi ta fama, kowa da hujjarsa mai ƙarfi.

Akwai bambanci guda da idan ka riƙe shi zai ba ka rabin ƙullin labarin kyauta, wato bambancin da malaman aƙida suke yi tsakanin abin da Allah ya ƙaddara zai faru da abin da ya yi umarni a aikata. Ba kowane abin da aka rubuta ne aka yarda da shi ba, kuma sanin abin da aka rubuta ba ya sauke wa mutum nauyin zaɓi. Lokacin da Sayyidina Umar ya fasa shiga Sham saboda annoba, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai ya amsa cewa suna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Jarumar da ta ƙi mai alamarta za ta iya tsayawa a kan wannan magana ba tare da ta fita daga addini ba. Ƙissar baiwa Barira da mijinta Mugisu ma tana nan a Bukhari: bayan an 'yanta ta aka ba ta zaɓi sai ta rabu da shi, yana bin ta a titunan Madina hawaye yana zuba a gemunsa, har Annabi (SAW) ya sa baki. Ta tambaya ko umarni ne, ya ce ceto kawai yake yi, ta ce ba ta da buƙatarsa, aka kuma bar ta a kan ra'ayinta. Ka tambayi kanka ko al'ummar cikin labarinka za ta bar tata Barirar ta faɗi haka alhali tambarin yana hannunta kowa yana gani. Amsar da nake zato ita ce za a samu sabon nau'in auren dole wanda ya fi na da muni, domin a da da uba ake jayayya, yanzu kuwa za a ce da Ubangiji take ja.

Kada ka manta da coci. Jos ce hedikwatar majami'un COCIN da ECWA, kuma dubban Kiristoci a Filato da Hausa suke wa'azi da waƙa da addu'a. Fasto zai buɗe Matiyu 19:6 inda aka ce abin da Allah ya gama kada mutum ya raba, sai wani dattijon ikilisiya ya tambaye shi wanne ne Allah ya gama, auren da aka ɗaura a gaban bagade shekara ashirin da suka wuce, ko alamar da ta fito jiya tana nuna matar wani.

Ka kai alamar kotu

Hanya mafi sauƙi ta samo babi-babi ita ce ka ɗauki hukunce-hukuncen aure ɗaya bayan ɗaya ka gwara su da alamar. A mazhabar Malikiyya da muke bi, aure ba ya ƙulluwa sai da waliyyi da sadaki da shaidu, kuma littattafan da ake karantawa a zaure irin su Risala sun ba uba ikon aurar da 'yarsa budurwa. To idan zaɓin uba ya saɓa wa alama, wa alƙali zai bi? Idan alamar ta haɗa waɗanda suka sha nono ɗaya fa, alhali Suratun Nisa'i ta haramta aurensu, kuma a Malikiyya ko tsotso ɗaya a cikin shekarun shayarwa ya isa? Idan ta haɗa masu jinin AS biyu, waɗanda kowane cikin da suka samu yana da yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila, likita za a bi ko tambari? Wannan ba ƙaramar tambaya ba ce a lokacin da gwajin jini kafin aure yake zama ruwan dare, har jihar Kano ta mai da shi doka a 2024.

Amma a ganina babu inda wuƙar take shiga ƙashi kamar gidan mai mata fiye da ɗaya. Shari'a ta halatta huɗu da sharaɗin adalci, alamar kuwa ɗaya ta sani. Ka ɗauki gidan wani ɗan kasuwa mai mata uku, alamar ta fito ta nuna ta tsakiya. Uwargidan da ta yi shekara talatin tana haƙuri, ta aurar da 'ya'ya, yau ta wayi gari duk unguwa ta san cewa ita ba ita ba ce. Amarya da aka kawo bara da akwati goma sha biyu ta zama kuskuren da aka yi da kuɗi. Ita kuma ta tsakiyar, wadda wataƙila ma ba ta ƙaunar mijin, ta zama abin tsana ba da laifinta ba. Rabon kwana yana nan a hukunce, amma wa zai iya cin tuwon ranar girkin wadda aka tabbatar masa ba tasa ba ce ba tare da fuskarsa ta nuna ba? Sannan kowace daga cikin sauran biyun tana da nata mai alamar a wani gida, wataƙila da tasa matar da 'ya'yansa. Idan ka bi wannan zare za ka ga saki ɗaya yana jawo saki goma, har ya zagaye unguwa. Kuma kada ka ɗauka mijin ne zai fi ban tausayi. Labarin uwargidan ne nake jira wani ya rubuta.

Bazawara da wadda take takaba su ma suna da babinsu. Wadda mijinta mai alamarta ya rasu, bayan ta gama wata huɗu da kwana goma, wa zai nemi aurenta alhali kowa ya san nata ya tafi? Al'adarmu da addininmu ba su hana ta sabon aure ba, amma kasuwar zawarci za ta hana ta.

Ka kafa labarin a kan taswirar garin

Jos ta ba ka abin da Kano ko Sakkwato ba za su ba ka da sauƙi ba. Haƙar kuza ta tara mutane daga ko'ina tun farkon ƙarni na ashirin, suka zauna tare da Birom da Anaguta da Afizere, aka yi auratayya, har ba wuya ka samu gidan da kawu yana zuwa coci baffa yana zuwa masallaci. Sannan rikice-rikicen Satumba 2001 da Nuwamba 2008 da Janairu 2010 suka raba unguwanni, mutane suka sayar da gidajensu suka koma cikin 'yan'uwansu na addini, har aka samu matasan da suka girma ba su taɓa kwana a ɗaya ɓangaren ba. Alamar da ba ta san iyakar Anguwar Rogo da Anguwar Rukuba ba za ta yi wa wannan tsari abin da taron sulhu bai yi ba, ko kuma ta hura wutar da ta fi ta da. Kai za ka zaɓa, amma ka zaɓa bisa hujja daga halin mutanen da ka gina.

Ka lura cewa alamar iri ɗaya za ta haifar da labari biyu mabambanta. Idan namijin ne Musulmi, ayar Suratul Ma'ida ta halatta masa auren Kirista, matsalarsa ta dangi ce da ta cocinsu, inda za a karanta mata gargaɗin 2 Korantiyawa 6:14. Idan macen ce Musulma, malamai sun haɗu a kan cewa auren bai halatta ba, don haka ko dai ya musulunta, kuma kowa ya yi ta shakkar ko don Allah ya yi ko don tambari, ko su rayu suna ganin juna a kasuwar Taminus ba halin magana. A irin wannan babi ka yi adalci. Kada ka mai da ɓangare ɗaya mutanen kirki ɗayan kuma azzalumai, domin mai karatun Jos ya san ƙarya ce, kuma ya binne mutane a ɓangarorin biyu.

Kuɗi, gwamnati da bakin mutane

Wannan ɓangare ba ya buƙatar dogon bayani, sai dai kada ka tsallake shi. Sadaki yana nan tunda sharaɗi ne, amma lefe da kayan na-gani-ina-so za su iya faɗuwa tunda ba takara, ko su yi tashin gwauron zabo tunda iyayen yarinya sun san saurayin ba shi da wata mafita. Zance a ƙofar gida zai ragu, masu dalilin aure za su koma masu neman mai alama da lada. Za a samu masu zana tambarin jabu a hannun 'yar talaka don ya yi daidai da na ɗan mai kuɗi, da attajiran da suke rufe hannun 'ya'yansu da safa tun suna jarirai. Gwamnati a Abuja za ta kafa hukumar rajista, za a yi layi, na'ura za ta ƙi aiki, wani ya sayar da bayanan.

Sannan ka ba mutanenka kalmomi. Al'ummar da ta rayu da abu shekara hamsin ba za ta riƙa kiransa da doguwar jimla ba. Za ta samo masa suna gajere, ta samo wa marasa alama sunan zagi da na sakayawa, ta sa shi a waƙar biki da habaicin kishiyoyi, kuma tsofaffin karin magana za su karkace su dace da sabon zamani. Kalma biyar ko shida da ka ƙaga da kunnen Bahaushe sun fi shafi goma na bayani.

Idan ka gama duk wannan, ka gwada ginin da fage guda kafin ka ci gaba. Ka rubuta ɗaurin aure bayan sallar Juma'a, an kawo goro da alawa, waliyyai sun zauna, an ambaci sadaki. Sai wani dattijo daga dangin amarya ya gyara murya ya ce, "Allah gafarta Malam, kafin a shafa fatiha, an duba hannun yaran nan kuwa?" Baffan ango ya ce, "Haba Alhaji, yaushe wannan ya zama sharaɗin aure?" Ka rubuta amsar liman, ka rubuta abin da uban amarya ya yi da idanunsa a lokacin, sannan ka bi yaron da ya zame daga cikin taron ya ruga cikin gida ya gaya wa mata. Idan ka kasa sanin abin da liman zai ce, ka koma takardar dokokinka da babin malamai, akwai tambayar da ba ka amsa ba. Idan amsar ta zo maka da sauƙi, ka sake rubuta fagen daga bakin amaryar da take ɗaki cikin lulluɓi, ƙawayenta sun yi tsit, ita kuma lalle ya rufe mata tsintsiyar hannu tun daren jiya bisa umarnin mahaifiyarta.